Ni da Kular Malama a Hanyar Kwatano

Tun ranar da na dawo ban huta ba. Mace za ta shigo sayen ƙanƙara ɗaya, sai ta nemi tabarma ta baje ta ce, "Ladi, ba mu labarin Kwatano." Wata ta ce ina atamfarta, don a wajen mutanen Fagge ba a zuwa Kwatano sai sayen zani ko mota. Duk wannan da sauƙi. Shekaranjiya a gidan suna a Kwaciri da kunnena na ji ana cewa wai bam na kai boda. Shi ya sa na sayo littafi na zauna. Karatuna aji huɗu ne, sai na yaƙi da jahilci, wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta.

Kun san ni, shekara ashirin ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a cikin gida, kuma kafin wannan tafiyar iyakata Zariya, ita ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ni. Abin da ya fitar da ni ita ce yarinyar nan tawa ta fari. Har lokacin sunanta bai taɓa fita daga bakina ba tun da aka raɗa shi, irin kunyar da muka taras ke nan, sai dai in ce "ke" ko in ce Malama kamar yadda 'yan unguwa suke ce mata. Tana karatun zama dakta, ba na allura ba, na bincike. Shekara uku tana fama da wani abu da take tarawa a 'yan mitsi-mitsin kwalaben roba, kowacce ba ta kai ɗan yatsana ba. Injin da zai gwada mata shi babu mai aiki a kusa, sai a wani ɗakin bincike a Kwatano, can ma kwana uku kacal aka ba ta. Ga ta da cikin wata biyar. In wannan damar ta wuce, ko abin ya lalace a hanya, sai ta sake daga farko bayan ta yaye, kuma wa'adin karatun ba zai jira ta ba. Mijinta Malam Nasiru yana koyarwa, lokacin jarrabawa ne, ya zo ya durƙusa ya ce, "Umma, in ba ke ba hankalina ba zai kwanta ba." Na ce ni da ko Legas ban sani ba? Ya ce ai ba hanya ake so in nuna ba, kaya ake so in riƙe.

Kayan kuwa wani farin akwati ne mara nauyi, irin kumfar nan da ake sako talabijin a ciki. Da ta buɗe sai hayaƙi ya taso, mai sanyi. Ta ce busasshiyar ƙanƙara ce, ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa. Ni da ƙanƙara ce sana'ata, ranar na ji kamar an kawo mini ɗana an ce in gaishe shi. Ta ja mini kunne biyu: kar in taɓa da hannu, kuma ɗan ramin da ke jikin murfin kar in toshe. Na ce to. Dalili ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, amma a raina na ce wane irin mai hankali ne zai bar rami a mazubin sanyi.

A Sabon Gari muka hau doguwar mota bayan la'asar. Maƙociyata Iya Sikira, Bayarabiyar nan mai sayar da robobi, ita ta raka mu, ta ba mu lambar yayarta a Agege, ta koya mini gaisuwa uku da Yarabanci. Kafin mu kai Kwanar Dangora biyu sun zube. Yaran mota suka ce akwati sai but. Na ce sai dai ni ma a sa ni a but. Wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota, haihuwar Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge, shi ya raba rigimar. Ya ce, "Ku bar Hajiya da jaririnta." Har muka sauka haka yake kiran akwatin. In mota ta faɗa rami sai ya waiwayo: "Hajiya, jariri bai farka ba?"

Shi ne ma ya tambayi Malama abin da ke ciki, ni kuma na kasa kunne, don a gida kunya ba ta bari in zaunar da ita in tambaya. Ta ce sunansa enzayim, ta ƙara da wani dogon suna wanda ko ɗan Ibon sai da ya ce a'uzubillahi. Ga yadda na fahimta. Duk mai rai, mutum ko ƙwayar cuta, akwai wani rubutu a jikinsa da yake gada daga iyaye, kuma duk sanda jiki zai ƙaru sai an sake kwafe rubutun. Rubutun da 'yan tubala ake jera shi, jiki ne kuma yake buga tubalan da kansa, hannu zuwa hannu kamar masu aikin gini. To akwai wani tubali da yake fitowa da ɗan tsinke a ka, kamar tsinken attaruhu. Muddin tsinken nan yana nan, tubalin ba ya shiga gini. In an bar shi ya faɗi da kansa, ta ce sai an yi shekara miliyoyi ana jira. Amma in wannan enzayim ɗin ya kama shi, kafin ki ƙifta ido ya cire ya kama na gaba.

Na kasa haƙuri na ce, "Da wuƙa?"

Ta yi dariya ta ce, "Abin mamakin ke nan, Umma, ba shi da wuƙa. Irinsa da yawa sai da ɗan ƙarfe ko wani mataimaki suke aiki, shi hannunsa kawai. Yana damƙe tubalin ta gindi ya rufe a kansa ruf, ya takura wa tsinken har zaman wurin ya gagare shi, sannan ya tallafe gurbin da tsinken zai bari don kar ya wargaje. Sai tsinken ya fice ya zama iska."

"Wace iska?"

"Wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Ita ce kumfar lemon kwalba, ita take tayar da ƙullin waina. Ita ce ma aka daskarar ta zama ƙanƙarar da ke cinyarki."

Na ce ashe wanzami ne, ya yi aski ya goge aska ya ce na gaba. Tun daga nan Wanzami muke ce masa. Nata wanzamin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne. Ta ce mu jikinmu in ya rasa yana iya tsintar tsofaffin tubala ya yi amfani da su, ita ƙwayar ba ta iya ba, dole sai ta buga nata. In aka samu abin da zai riƙe hannun wanzaminta, ba za ta hayayyafa ba. Abin da take nema ke nan a cikin wasu ganyayyaki. Ƙaninta Sani zazzaɓin nan ne ya ɗauke shi yana shekara uku, ita tana da tara, kuma ba mu taɓa zancen da ita ba.

Hanya dai doguwa ce, ƙafafuna suka kumbura suka zama kamar tulu. Da gari ya waye na leƙa na ga daji kore shar, ko'ina ayaba, ga ƙasa ja. A wani gari da aka tsaya na ga mata suna bin mota da wani abu a tsire, na ce a miƙo mini, ɗan Ibon ya ce, "Hajiya, dodon koɗi ne." Na mayar da hannuna cikin hijabi.

Wajen sauka a Legas ne aka yi ɓarnar farko. Wani mai gaggawa ya bangaje ni, akwatin ya bugi ƙofa, gefensa ya tsage. Malama tana gaba ba ta gani ba, ni kuma na cusa shi cikin jakar Bakko na ja zif.

Yayar Iya Sikira, Alhaja ake ce mata, mace ce mai jiki da murya. In tana maka sannu da zuwa sai ka ɗauka bashi take bi. 'Ya'yanta maza, manya da gemu, suka zube a ƙasa rub da ciki suna gaishe ni, na ja da baya na ɗauka wani abu suka yar. Ta kawo mana baƙin tuwo sulɓi da miya mai yauƙi da barkonon da ya sa na tuna duk zunubaina, tana tsaye a kaina tana cewa, "Ci, Mama Kano, ci!" Da safe kuma burodi mai laushi da wake dafaffe luguf da baƙin mai. Wannan kam na yaba, har na tambayi yadda ake yi.

To ga inda na yi abin. Da asuba Malama ta shiga wanka, na buɗe jaka na ga tsagar ta ƙaru, hayaƙi yana tsiyaya ta gefe. Duk mai sayar da ƙanƙara ta san abu ɗaya: iska ce maƙiyiya. Inda iska ta samu hanya, nan asara take shiga. Ina da kulata ta abinci, mai murfin murɗawa, wadda na zubo dambun nama a ciki. Na juye dambun a leda, na wanke ta na goge. Na naɗe 'yan kwalaben a hankici na sa a ƙasa, ɗaya da ta zame na ɗora a sama, na kwashe ƙanƙarar da ludayin Alhaja, don ban manta an ce kar in taɓa ba. Na shimfiɗa leda biyu a baki, na murɗe murfi iya ƙarfina, na mayar cikin jaka. Har wani daɗi nake ji, na gyara wa masu ilimi kuskurensu.

Ta fito ta ce, "Umma, akwatin lafiya?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, ya fi jiya."

Muka hau ƙaramar mota zuwa boda, wato kan iyakar ƙasa. Kun san kunnena, ko firjina ya canja kuka ina daga ɗaki nake sani. Muna cikin tafiya na ji kula tana wani siririn tsaki, tsiii. Na ce a raina sanyi yana gudu. Da direba ya tsaya shan mai, Malama ta fita neman banɗaki, na zaro robar tayar da nake ɗaure buhun ƙanƙara da ita, wadda ba na rabo da ita, na naɗe bakin murfin tam, zagaye bakwai. Tsaki ya ɗauke. Na ce yawwa.

Boda kasuwa ce guda: masu canji, masu turin kaya, masu kaki kala-kala, kowa yana magana da yarensa. Aka ce kowa ya sauko da kayansa kan wani dogon tebur. Na ɗora jakata, na buɗe zif. Malama ta leƙa ta ga kula maimakon akwati, ta ga roba. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba.

Ta ce, "Umma, me kika yi? Kowa ya matsa! Ku matsa!"

Ba ta rufe baki ba sai ji muka yi tau! Murfi ya yi sama ya bugi kwanon rumfa, farin hayaƙi ya rufe tebur. Wani mai kaki ƙato ya shige ƙarƙashin benci, hularsa a waje. Mai sayar da lemo ta watsar da tire. Ni kuwa ina tsaye da robata a hannu ina salati, ƙanƙarar ta warwatse a ƙasa tana hayaƙi tana ƙanƙancewa a idona.

Aka kewaye mu. Ba na ganin laifinsu, ko ni ce haka zan yi. Malama ta fito da takardunta na makaranta, aka ce ta shiga ofis sai babbansu ya duba. Kafin ta shiga ta tsuguna ta tsinto kwalba ɗaya da ta yi tsalle ta faɗa rana, ta leƙa kula ta ga sauran ƙanƙarar bai fi cikin tafi ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ramin nan, Umma, na numfashin ƙanƙarar ne, in iskarta ta rasa hanyar fita sai ta fasa mazubin. In zafi ya taɓa kwalaben nan kuma shike nan." Ta shiga tana share ido da gefen hijabi.

Aka bar ni a benci da wata mai kaki tana gadina. Na ji ta amsa waya da Hausa, Hausar Zariya tsaf. Na ce, "'Yar nan, daga ina?" Ta ce daga wajen Wusasa, sunanta Rifkatu. Ta ce, "Mama, tsakaninki da Allah mene ne a ciki?"

Na zayyana mata komai, tubali da tsinke da wanzami mara aska, da ƙwayar zazzaɓi da ba ta iya tsintar tsofaffin tubala ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ta yi sakandare amma ba a taɓa yi mata bayani ta gane irin na yau ba. Na ce, "To ki taimake ni, wanzamin nan zafi ne ajalinsa, kuma ni na jawo. Ina ake sayar da kifi a nan?" Don duk inda ɗanyen kifi yake, ƙanƙara tana kusa.

Ta faɗa wa na kusa da ita, ta ɗauki kular da kanta ta raka ni bayan rumfunan. Muka samu wata dattijuwa mai kifi, baƙa siririya da ɗaurin ƙirji, ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, Rifkatu ma ba ta jin nata yaren. Na nuna buhun ƙanƙarar da ke gefenta. Ta zaro mini dunƙule ɗaya. Na ƙwanƙwasa da zobena, na ji ya yi bof, cikinsa ruwa ne, na girgiza kai na mayar. Matar ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. Sai ta yi murmushi, ta tura hannu can ƙasan buhu ta zaro wani. Na ƙwanƙwasa, ya yi ƙau. Muka kalli juna muka kwashe da dariya. Daga nan ba mu sake bukatar tafinta ba.

Na farfasa ƙanƙarar da taɓaryarta ta zama kamar tsakuwa. Na nuna gishirin da take barbaɗa wa kifi, ta turo kwanon gaba ɗaya. Awo uku na ƙanƙara, ɗaya na gishiri, haka nake yi in wuta ta ɗauke ina da zoɓon biki, har ya daskare a leda. Na sa kwalaben a gwangwanin madara, na ɗaure a leda, na binne a tsakiya. Ita kuma ba tare da na tambaya ba ta jawo buhun dusar katako da take banda kifi da ita, muka zaunar da kular a ciki, muka rufe baki da faranti da jiƙaƙƙen tawul. Wannan karon na bar 'yar kafa. Na ba ta ledar dambun naman nan, ta ɗanɗana, ta ɗaga gira, ta cusa mini bandar kifi biyu a jaka.

Da Malama ta fito an buga mata hatimi, ta zura wani ɗan ma'aunin sanyi cikin kular. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Umma, wa ya koya miki wannan? A ajin farko na jami'a aka koya mana." Na ce rashin wuta ne ya koya mini. Ta ce sanyin ya isa, amma ko sun riga sun ji zafi kafin nan, sai inji ya faɗa.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa, mata kuma da kansu suke tuƙa nasu, da jaka da takalmi mai tsini, ba mai kallonsu. Fetur a manyan kwalabe ake sayarwa a bakin titi, na ɗauka man gyaɗa ne. Burodinsu dogo kamar sanda, in kika bari ya kwana kya iya korar akuya da shi. A Zango muka sauka, unguwar Hausawan garin, inda na ji Hausa iri-iri, wata ta ce mini "ina kwana" da la'asar sakaliya. Teku kuma na gan shi ta tagar mota, na ce a bar shi a inda yake. Sau biyu na sake wa kula ƙanƙara kafin safiya, don mai masaukin ta nuna mini inda ake samun mai kyau.

Shugabar ɗakin binciken wata farfesa ce mai furfura da gajeren gashi. Ina miƙa mata hannu sai ta jawo ni ta manna mini kumatu dama da hagu. Na daskare kamar kayan sana'ata. Aka ba ni farar riga na ɗora a kan hijabi, aka ba ni kujera.

Malama ta nuna mini allon injin. Ta ce haske ake haskawa ta cikin ruwan da tubalan suke. Mai tsinke yana shanye hasken, wanda aka yi wa aski ba ya sha sosai. In Wanzami yana da rai, zan ga layi yana gangarowa. In ya mutu, layin zai miƙe kamar igiyar shanya.

Ta fara da kwalbar da ta faɗa rana. Ta ɗiga, ta danna. Layi ya fito ya miƙe. Muka jira. Ya ci gaba da miƙewa. Farfesa ta ce wani abu a hankali da Faransanci. Ni dai ina jan carbi a ƙarƙashin farar riga, ina lissafin shekara uku da na ɗaure da robar taya.

Ta ɗauko ta biyu, daga cikin gwangwanin madara. Sai da ta dafa cikinta ta ja numfashi. Ta ɗiga, ta danna. Layin ya fito ya ɗan tsaya, kamar mai tunani. Sai ya sunkuyar da kai, ya gangaro, ya yi ta gangarowa kamar yaro a kan tudun yashi.

Ban san sanda na miƙe ba. Na rangaɗa guɗa a ɗakin binciken mutane, har wani ya yar da biro, na ce, "Bilkisu! Bilkisu, ya yi aski!"

Ta juyo ta bar allon. Ba layin take kallo ba, ni take kallo. Shekararta talatin da biyu. Ta ce, "Umma, sake faɗa."

Na ce, "Ke, duba aikinki, kar ya ƙone."

Kwana ukun nan ta yi su cif, ta gwada ganyayyakinta, ta ce biyu daga ciki sun sa layin ya rage gudu, amma da sauran aiki mai yawa kafin a ce magani. Mun dawo lafiya, Rifkatu tana boda ta ɗaga mana hannu tana cewa a gaida Wanzami.

To kun ji. Atamfa ban sayo ba, bam ban kai ba. Kula tana nan a kan firji ba murfi, wadda ba ta yarda ba ta zo ta gani. Sunan kuma da kuke ta tsokanata a kai, a Kwatano na faɗe shi, sau biyu, kuma can na baro shi. Sai dai jiya da ta kira waya, na duba tsakar gida na ga ba kowa, na ƙara na uku.